Wa Ya Sace Maka Salansa?

Kai nake nufi, Malam, kada ka waiwaya. Kai da kake buga babur tun ba a idar da sallar asuba ba, ka murza totur har sai tagogin maƙwabta sun amsa, wai kana ɗumama inji. Inji ya ɗumama, madalla. Jaririn gidan da ke kallon naku ma ya ɗumama. Uwarsa da ba ta samu runtsawa ba sai wajen ƙarfe uku, ita ma ta ɗumama. Dattijon nan da likita ya ce ya riƙa samun isasshen barci saboda hawan jini, ga shi can zaune a bakin gado yana yi maka wata addu'ar da ba za ka so jin ta ba. Kwantar da hankalinka, ba za ka ji ba. Kunnenka ya daɗe da ajiye aiki.

Ka ce ba kai kaɗai ba ne? Wa ya ce kai kaɗai ne? Ai ku runduna ce guda. Akwai ɗan sahun da ya girke sifika a bayan kujera, fasinja tana ta cewa a nan za ta sauka, shi yana ta gyaɗa wa kiɗa kai. Akwai direban tifar da ya ɗaura hon ɗin iska, yana danna wa akuya a lungun da mota biyu ba sa iya giftawa. Akwai 'yan kai amarya, waɗanda suka yanke hukuncin cewa tunda su ba za su yi barci ba, ba wanda zai yi. Sai kuma gwarzon cikinku, saurayin da ya sayi mashin sabo fil, ya kai shi wajen mai walda, ya zaro kuɗi daga aljihunsa aka fasa masa salansa. Ɓarawo bai kwance ba, rami bai cire ba, shi ya biya aka lalata masa kayansa. To amma laifi tudu ne, na ga har ka taka naka kana hango nasu. Sauko tukuna, da kai nake.

Yau tallan abin hawa mai caji zan yi maka, babur ne ko adaidaita ko mota, kuma ba wanda ya ba ni kamasho. Na san ka riga ka cika aljihu da musu. Fito da su ɗaya bayan ɗaya.

Ka ce mun saba, ƙara ba ta taɓa kashe kowa ba? Ba ni na faɗa ba, Hausawa ne suka ce sabo turken wawa. Kai ne ka saba, zuciyarka ba ta saba ba. Masu bincike sun daɗe da gano cewa ko mutum bai farka ba, in abin hawa ya wuce da ƙara, jikinsa sai ya amsa: bugun zuciya ya ƙaru, barci mai nauyi ya koma na sama-sama, gari ya waye mutum ya tashi a gajiye yana zargin katifa. In aka jera shekaru a haka, hawan jini da ciwon zuciya sun samu ƙofa. A rahotonta na 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka tattara shekarun ƙoshin lafiyar da mutanen Yammacin Turai ke asara saboda ƙarar ababen hawa, sukan kai aƙalla miliyan ɗaya a duk shekara. Yammacin Turai fa, inda mai fasasshiyar salansa ba ya nisa sai ya haɗu da takardar tara. To ɗauko biro ka lissafa mana na Kurna da Bata da Unguwa Uku.

Da desibel ake auna ƙara. Hirar mutum biyu tana wajen 60. A 2018 hukumar nan ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce 53, da dare kuma kada ya wuce 45. Babur mai ƙara yakan kai 95 a kunnen wanda ke kansa. Ka ce daga 60 zuwa 95 ai ba wani nisa ba ne? A nan lissafin ɗan tireda ba ya aiki. Duk ƙarin 10, ƙarfin sautin ninkawa yake sau goma, don haka daga 60 zuwa 90 kawai ninki dubu ne. A kan 95, ba a cika awa guda ba kunne ya fara ɗaukar lahani. Can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gashi da suke kama sauti, wanda ya mutu a cikinsu kuwa ba ya sake tsirowa, ba a kuma sayar da shi a Ƙofar Ruwa. Shi ya sa in ka ga tsofaffin direbobi biyu a tasha suna ta ihu, kada ka yi saurin shiga rabon faɗa. Gaisawa suke.

Ka ce to kunnenka ne, ina ruwana? Da a ce a kunnenka ta tsaya, da na yi maka fatan alheri na wuce. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, ta duba wata makarantar firamare a New York wadda jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Yaran da ajinsu ke ɓangaren jirgin, kafin su kai aji shida sun kasance a bayan takwarorinsu na ɗaya ɓangaren da kusan shekara guda a iya karatu. Gini ɗaya, unguwa ɗaya, bambancin kawai taga. Da aka shimfiɗa roba a ƙarƙashin layin dogon, aka kuma gyara rufin azuzuwan, sai tazarar ta ɓace. Yanzu ka tuna islamiyyar da ke bakin titin unguwarku, inda malam yake yanke aya biyu yana jiran tifa ta wuce. In yaronka ya kasa kawo hadda, kai ne na farkon neman bulala. Babur naka ne, ba musu. Kunnuwan kuwa namu ne, kuma tun 2009 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a Najeriya. Ba ka taɓa jin labarinsu ba? Ina fa za ka ji, a cikin wannan hayaniya?

Ka ce haka gari yake, haka muka taso muka gani? Haba Malam, kada ka yi wa tarihi ƙage. In ka haura shekara hamsin, ka girmi wannan hargowa. Kanon kakanka ta keke ce da jaki da 'yan tsirarun motoci. Acaɓa daga baya ya cika gari, da tattalin arziki ya matse, baburan Sin masu araha kuma suka shigo. Adaidaita Sahu a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo su, don mata su samu abin hawa na mutunci. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin, masu ƙafa uku suka gaje titi. Ka ga ke nan a gaban idonka garin nan ya sauya abin hawa fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin an samu wanda ya rantse ba zai yiwu ba. Wataƙila ma kai ne.

Ka ce ƙara ai alamar ƙarfi ce, inji mai lafiya shi ne mai gurnani? Zo mu leƙa cikin injin naka. Fetur da iska su shiga, fulogi ya kyasta, abu ya fashe, fistin ya sauka. Iyakar sana'ar ke nan. In inji mai silinda ɗaya yana juyawa sau 3,000 a minti, fashewa 25 ke nan a kowace daƙiƙa, a tsakanin ƙafafunka. Salansa baiwar Allah aikinta ta rufa wa wannan abu asiri, kai kuma ka kai ta aka huda. Ga kuma inda abin ya fi ciwo: a cikin ƙarfin man da ka saya, wanda ke isa taya bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, sau da yawa ma ba ya kaiwa. Sauran ya tafi a zafi da hayaƙi da gogayya, da ɗan rabon da kake kawo mana har ɗaka. Motar lantarki kuwa sama da kashi 75 take kai wa taya. Wato in ka sha man naira 5,000, aƙalla 3,500 ka ƙona su ne don ka gasa cinyarka ka kuma tashe mu. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kai kuwa girin-girin ɗin ne yake shanye maka man.

Har yanzu kana ganin mai caji rago ne, ba zai ja kaya ba? Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna, ka san abin da ke juya ƙafafunsa? Lantarki. Injin dizal ɗin da ke kansa wuta kawai yake samarwa, na'urorin lantarki ne ke jan taragun, don su tun daga tsaye suke ba da cikakken ƙarfinsu, ba sai an yi ta lallaɓa giya ba. Abin da ya ja tarago cike da mutane, kai da buhun masararka ne za ku gagare shi?

Ka ce sabon yayi ne na Turawa, jiya-jiya aka ƙirƙiro? Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa a duniya, a 1899 a Faransa, ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ne ya tuƙa ta. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu batir ne. Arahar fetur da arahar motar Ford ne suka kore su. Ita kanta matar Henry Ford, Clara, motar lantarki take hawa, mijinta na can yana sayar wa duniya mai hayaƙi. Uwargida ta san abin da take yi. Kuma in ka ce na Turawa ne, sai ka je ka faɗa wa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, wanda a lokacin da yake shugabantar hukumar harkar motoci ta Najeriya, NADDC, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ka kuma biya ta Maiduguri ka faɗa wa Mustapha Gajibo, wanda ya riƙa ciro injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir. Ka fi son shaida daga nesa? Indiya, inda ake ƙero mana su Bajaj da TVS ɗin da ɗan sahu ke alfahari da su, yanzu fiye da rabin sababbin masu ƙafa uku da ake sayarwa a can na lantarki ne. Mai kayan ya fara sauya sheƙa, ɗan sari ne ya tsaya yana rantsuwa.

Na ga ka gyara zama, ka zaro babban makaminka. Ka ce ina wutar? A nan kam ka taɓo gaskiya, ba zan yi maka gardamar banza ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana fama da megawat 4,000 zuwa 5,000, shi ma layin yakan faɗi ya bar kowa a duhu. Habasha da ta hana shigo da motocin gida masu fetur da dizal a farkon 2024, tana da babbar madatsar ruwa da take taƙama da ita. Mu ba mu kai nan ba. Amma amsa mini tambaya ɗaya: a ƙasar da ka ce babu wuta, yaushe rabon da wayarka ta kwana a mace? Bahaushe ya ga ba wuta, ya kafa rumfar cajin waya a kowace kwana, ya mai da rashin wutar sana'a. Yau ga sola a kan rufin masallaci, a kan rijiyar burtsatse, a shagon mai sayar da ƙanƙara. Rana kuwa, in akwai abin da Allah ya hore wa Kano da Sakkwato da Damagaram har ake kuka da yawansa, ita ce. Batirin babur mai caji yawanci yunit biyu zuwa huɗu yake sha ya cika. Ko a farashin wutar Band A, wanda aka kai naira 225 a yunit a watan Afrilun 2024, yunit uku naira 675 ne, bai kai kuɗin lita ɗaya ba.

Ka ce ai wasu da janareta za su yi cajin, an gudu ba a tsira ba? Za a samu, ban musa ba. Sai dai janareta ɗaya a wuri ɗaya ana iya gina masa ɗaki a rufe shi, ana iya maye gurbinsa da sola gobe. Injina dubu da ke yawo lungu-lungu fa, wane ɗaki za ka gina musu?

Ka ce tsada, kuma batir ba ya daɗewa a zafin nan namu? Wannan ma rabinsa gaskiya ne. Batir shi ne mafi tsada a jikin abin, zafi yana rage masa kwana, kuma wanda ya bi araha ya sayi mai batirin dalma ko cajar bogi, zai gane cewa araha ba ta ado, wani lokacin ma har da gobara. Shi ya sa a Kigali da Kwatano da Lome masu acaɓa da yawa ba sa sayen batirin. Kamfanoni irin su Ampersand da Spiro ne ke da shi, kai babur kawai ka mallaka. In caji ya ƙare, ka shiga tasha, kamar yadda ake yi da kwalbar lemo a da, ka miƙa fanko ka karɓi cikakke, ka biya kuɗin abin da ke ciki, cikin 'yan mintoci ka kama hanya. Abin ya kankama har gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Batun tsada kuwa, kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tun daga lokacin mashin mai caji ya fara yawa a titunanmu, kuma kada ka ɗauka wa'azin haƙƙin maƙwabci ne ya ratsa masu shi. Gidan mai ne ya yi musu nasiha.

Ka ce ba ya nisa, zai mace maka a daji? Gwargwadon batir, yawancinsu suna yin kilomita 60 zuwa 100 kafin su nemi caji. In kullum kana safarar Kano zuwa Zariya, riƙe mai fetur ɗinka tukuna, na yafe maka. Amma tsakaninka da Allah, ina kake zuwa? Daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari, ka sauke yara a makaranta, ka biya 'Yankura cefane, ka dawo majalisa. Yaushe rabonka da daji? Kai da ko Wudil sai da dalilin ɗaurin aure.

Ka ce abin da ba ya ƙara zai riƙa kaɗe yara da makafi? To, yau kuma kai ne mai tausayin masu tafiya a ƙasa! Barka da shigowa. Maganar tana da tushe, har Tarayyar Turai ta wajabta, daga Yulin 2019, cewa sabon samfurin motar lantarki ya riƙa fitar da wani sauti in yana tafiya a hankali, har zuwa kilomita 20 a awa, da kuma lokacin yin baya. Mafi ƙarancin sautin a gudun kilomita 20 desibel 56 ne, bai ma kai hira ba. Ka ga ashe don a san kana tafe, gyaran murya ya isa, ba sai ka tashi matattu ba. Kada kuma ka ce ɓarayi za su samu abin sanɗa. 'Yan ƙwacen waya duk shekarun nan a kan masu ƙara suke zuwa, ƙarar ba ta hana su ba, sai ma ihun wanda aka yi wa ƙwacen da take haɗiyewa.

Ka ce makanikai za su rasa abinci? Gaskiya ne mai caji ba shi da fulogi, ba kafireta, ba fistin da ringi, ba juyen baƙin mai. Wannan kuka ne a wajen makanike, a wajen aljihunka kuwa guɗa ce. Kuma taya za ta ci gaba da yin faci, birki zai ci gaba da cinyewa, ramukan titi ba su yi alkawarin tuba ba. Yaran da suka koyi buɗe cikin wayar salula a Farm Centre ba tare da sun taka wata kwaleji ba, su ne batir da 'yan wayoyi za su gagara? In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take.

Yanzu bari in ba ka makami da hannuna, don kada ka ce na yi maka rowa. A babban titi, in mota ta wuce gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, ƙarar taya a kan kwalta ce take rinjayar ta inji, don haka a hanyar Zariya mai caji da mai fetur kusan duk ɗaya ne a kunne. Kafin ka yi tsalle, tambayi kanka: a tsakiyar hanyar Zariya kake kwana? Shirun mai caji ya fi fitowa ne a tafiyar sannu, a tsayawa da tashi, a lungu da ƙofar gida da bakin asibiti, wato daidai inda mutane suke barci da karatu da jinya.

Abu ɗaya ne injiniya ya kasa. Ya iya cire fashewa daga cikin inji, amma bai iya cire babban yatsanka daga kan hon ba. Mai caji ma da hon ɗinsa yake zuwa, kuma mutumin da ke danna wa danja hon don ta yi saurin komawa kore, ba batir ne maganinsa ba. Don haka kafin Allah ya hore maka mai caji, ga abin da ba ya buƙatar sola ko tallafin gwamnati: ka mayar da salansar nan wajen mai walda ya toshe abin da ya huda, in ka dawo da dare ka kashe inji a bakin lungu ka turo, ɗan motsa jikin ma zai yi wa tumbin nan amfani.

Ka ce kai dai ba za ka taɓa hawa ba, ko a kyauta? Na ji, na kuma rubuta. Haka ka ce a kan wayar shafa, haka ka ce a kan tura kuɗi ta waya, yau ko ƙosai da taransifa kake saye. Ina nan zaune lita za ta sake motsawa, mu gan ka ka sulalo cikin layi a kan mai caji, ba wanda ya san ka dawo sai da ka yi sallama. Ba za a yi sati ba, kai ne za ka fito da jallabiya kana tare yaran unguwa, kana yi musu faɗa a kan haƙƙin maƙwabci, kana cewa ai kai ka daɗe kana faɗa. Za mu rufa maka asiri, bisa sharaɗi ɗaya: kada mu ji labarin ka je kasuwa neman sifikar da za ta riƙa yi maka kukan inji.